Yaya na son shagali, Baba ya kulle akwati: ta yaya za mu tuna da Mama?

Anti, ina gaisuwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Katolika ce, ina koyarwa a wata firamare a Kaduna. Mahaifiyarmu ta rasu a watan Nuwamban bara tana da shekara 71. Ba ta taɓa aikin albashi ba, a aji huɗu ta tsaya da makaranta. Mu shida ta haifa, ta kuma riƙe 'ya'yan dangi da dama. A cocin ƙauyenmu a kudancin Kaduna ita ce mai ba da waƙa ta Zumuntar Mata fiye da shekara talatin, ita ke buga tulu, kuma waƙoƙi da yawa da ake rerawa ita ta tsara su, wasu da Hausa, wasu da yarenmu. Ba ta fashin Mas, wato sujadarmu ta Katolika, rosari (carbin addu'armu) kuwa ko a bakin murhu yana hannunta.

Yanzu saura wata uku ta cika shekara. Babban yayanmu da ke Abuja ya ce sai an yi gagarumin taro: rumfuna, anko, saniya, kalanda, har da mawaƙi daga birni, kowa ya kawo naira dubu ɗari huɗu. Ni ba ni da su. Ya ɗora mini rubuta tarihinta, na zauna na kasa cika shafi ɗaya, sai ya ce in rubuta cewa 'yar kasuwa ce kuma shugabar al'umma don kada baƙinsa su raina mu. Ƙanwarmu ta musulunta ta auri Musulmi. Mama ta yi kuka da farko, daga baya suka shirya, ita ce ma ta yi jinyarta a asibiti. Yaya ya ce in ba za ta shiga coci ba, kada ta zo. Baba kuma ya kulle akwatin Mama, inda littafin waƙoƙinta da kaset-kaset suke, ba ya bari kowa ya taɓa. A Ista na ji 'yan kwaya sun rera waƙarta, an canza baiti, ba wanda ya ambaci sunanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sau da yawa ta ce in zauna ta koya mini, ina ce mata waƙar tsofaffi ce. Yau ko ɗaya ban iya har ƙarshe ba. Anti, me zan yi?

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ba Mama hutawa ta har abada, ya sanyaya zukatanku. Na karanta wasiƙarki a tsanake, na ga abubuwa huɗu ko biyar ne suka taru miki a ka, shi ya sa kike jin kamar ba mafita. Amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba dukansu ne ke da gaggawa ba. Rumfa da saniya kullum akwai su a kasuwa. Abin da ba zai jira ku ba shi ne waƙoƙin, domin rabinsu ba a cikin akwatin Baba suke ba, suna cikin kawunan matan da suka yi shekara talatin suna amsa wa Mama, kuma matan nan sa'o'inta ne. Don haka yawancin abin da zan faɗa miki a kan wannan zai tsaya.

Bari in fara da abin da kika bari a ƙarshe, don na san shi ne ke hana ki barci. Kin ce mata waƙar tsofaffi ce. To, kin faɗa, ba za a iya mayar da maganar ba, kuma ba zan ce miki ba ta ji zafi ba. Amma ki tuna matar da kike magana a kanta. Wadda 'yarta ta bar coci, ta yi kukanta, ta share hawaye ta koma ta rungume ta, ba za ta tafi da ke a zuciya saboda maganar ƙuruciya ba. Kusan duk wanda ya taso a gidan mai sana'a ya taɓa raina sana'ar, saboda kullum a gabansa ake yi. In abin ya ci gaba da yi miki nauyi, ke 'yar Katolika ce, kin san hanya: ki je wurin Fada, limamin cocinku, ki furta, ki sauke. Sannan ki daina cewa ba ki iya ba. Kin ce kin ji an canza baiti a Ista. Wanda bai san waƙa ba, ina zai gane an canza ta? Kunnenki ya riƙe abin da bakinki ya ƙi koya, tun kina goye a bayanta.

Sai maganar tarihin da kika kasa rubutawa. Kin kasa ne domin kina auna ta da ma'aunin takardar neman aiki: makaranta kaza, muƙami kaza, ritaya a shekara kaza. Da wannan ma'aunin kusan duk iyayenmu mata shafinsu fari ne fes. Ki ajiye shi. Kada kuma ki rubuta ƙarya. Matan Zumunta za su zauna a sahun gaba da takardar a hannu, sun san ba ta da shago, kuma ranar da aka karanta musu cewa 'yar kasuwa ce, abin da za su ji shi ne 'ya'yanta na kunyar abin da ta kasance. Wannan ya fi rainin baƙin Abuja ciwo.

Gaskiyar ma ta fi ƙaryar girma, in kin san inda za ki ɗora ta. Lokacin da aka haifi Mama, da Latin ake yin Mas kusan a ko'ina, daga Roma har Shendam, inda limaman mishan suka sauka a 1907. A ranar 4 ga Disamba 1963 ne Babban Taron Fatikan na Biyu ya fitar da dokarsa kan tsarin sujada, wadda ta buɗe ƙofa ga harsunan mutane, ta kuma ce a ƙasashen mishan a ba kiɗa da waƙar gargajiyar jama'a matsayin da ya dace da su. Bishop-bishop sun sa hannu a takarda, amma takarda ba ta rera waƙa. Sai da aka sami waɗanda za su ɗauki karin waƙar daka da ta niƙa da ta gayya, su ɗora musu kalmomin Linjila, su shigo da tulu da ganga da kacau-kacau har gaban bagade. A ƙauyukan Arewa da yawa katikis-katikis, masu koyar da addini a coci, da mata irin Mama ne suka yi wannan aikin, ba digiri, ba albashi. Matar da ta tsaya a aji huɗu, ta saurari karatun Lahadi, ta koma gida tana tuƙa tuwo tana jujjuya shi a baki har ya zama waƙar da coci guda zai amsa, ta yi wa mutanen da ba su iya karatu ba aikin malamin Littafi Mai Tsarki. Ki buɗe Fitowa sura 15 aya 20, inda Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki abin kiɗa mata suka bi bayanta suna rawa bayan an haye teku. A wannan layin Mama take. Ki rubuta haka, ki ga ko akwai mai hankalin da zai raina.

Aikin gidan ma ki rubuta shi da sunansa. Ki zauna da 'yan'uwanki ku lissafa yaran da ta riƙe, ɗaya bayan ɗaya, da inda kowannensu yake yau. Ki tambayi Baba da me aka biya kuɗin makarantarku a shekarun da amfanin gona bai yi kyau ba, za ki iya tarar da kaji da awaki da ƙosan safe a bayan takardar shaidarki ta koyarwa. Ki tambayi maƙwabta gidan wa ake kai mai naƙuda kafin a samu mota. Maimakon ki ce mai kirki ce, mai haƙuri ce, wanda a kan kowace gawa ake faɗa, ki kawo abu guda da ita kaɗai ke yi: yadda take ɗaura ɗankwali ranar Zumunta, abin da take cewa in an ƙona mata miya, waƙar da take tashin ku da ita ranar Kirsimeti. In tana da faɗa, ki ce tana da faɗa. Jama'a za su yi dariya da hawaye a ido, don sun gane ta. Karin Magana sura 31 ta rufe bayanin mace tagari da cewa a bar ayyukanta su yabe ta a ƙofar gari, kuma ayyukan da aka lissafa a surar saƙa ne, da tashi da duhu don ciyar da gida, da miƙa hannu ga matalauci.

Yanzu ga aikin da nake so ki fara a wannan makon, ba sai kin jira izinin kowa ba, ba kuma sai an buɗe akwati ba. Ki je ƙauye ranar da Zumunta ke taruwa. Ki fara gaida shugabarsu da katikis a gida, da ɗan sabulu ko sukari a hannu, ki ce kin zo neman alfarma ne a matsayin 'ya: su koya miki waƙoƙin ƙawarsu. Kada ki je da maganar an canza baiti, kada ki je da maganar haƙƙi. In kika shiga a matsayin ɗaliba, za su ba ki abin da ba ki tambaya ba ma.

Wayar hannunki ta isa ɗaukar murya, amma akwai dabara. Tulu yana da ƙarfin amo, in kika ajiye waya kusa da shi, ba abin da za ki ji sai dum-dum, kalmomin sun nutse. Ki sa wayar a kan kujera kusa da mai ba da waƙa, masu tulu da ganga su ja baya kaɗan. Kowace waƙa ki ɗauke ta sau biyu: sau ɗaya da kiɗa da amshi yadda ake yi a coci, sau ɗaya kuma mace guda ta rera a hankali ba kiɗa, don ki iya rubuta kalmomin daidai. Ki zaɓi ɗaki mai rufin ciyawa ko silin, don in ruwan sama ya sauko a kan kwano, aikin ranar ya tashi. Kafin kowace waƙa, mai rerawa ta faɗi sunanta, ta faɗi lokacin da ake yin waƙar: ta shiga ce, ta baiko ce, ta karɓar Jibin Ubangiji ce, ta Azumi ce ko ta Ista, ta biki ce ko ta makoki. Sannan ki yi tambayar da ta fi kowace daraja, wato me ya faru har Mama ta yi wannan waƙar. Za ki ji an ce wannan ta yi ta ne shekarar da aka yi fari, wannan bayan rasuwar ɗan wance, wannan ranar da aka naɗa ɗan ƙauyen Fada. Tarihin da kika kasa cika shafi ɗaya da shi, a nan zai zubo miki har ki rasa inda za ki sa.

Ki shirya jin saɓani. Wata za ta ce Mama ce ta tsara, wata ta ce a taron Zumunta na shiyya suka koyo ta, Mama gyara kawai ta yi. Kada ki yi gardama, ki rubuta duka biyun. Wadda kowa ya yarda tata ce, ki sa mata suna. Wadda ake shakka, ki rubuta cewa tana cikin waƙoƙin da take bayarwa. Waƙoƙin yarenku ki ba su kulawa ta musamman, ki nemi wanda ya iya rubuta yaren ya taya ki, ku sa fassarar Hausa a gefe, domin jikokin da suka taso a Kaduna da Abuja da yawansu Hausa da Turanci kawai suke ji. Bayan haka ki kai wa shugaban kwaya abin da kika ɗauka, ya rubuta karin da alamun do-re-mi da 'yan kwaya ke karantawa. Abin da kika ɗauka kuma kada ya kwana a waya ɗaya. Ki tura wa 'yan'uwa biyu, ki sa a katin ajiya, ki sa a imel. Waya na faɗawa rijiya, ana kuma sace ta a tasha.

Game da 'yan kwaya da suka canza baiti, ina so ki ɗan sassauta. A cocinmu ba a saba tsayawa a ce wannan waƙar wance ce ba, kuma waƙar da ake bi da baki dole ta sauya a hanya. Ba sata suka yi ba. Waƙar da aka daina rerawa ita ce abin kuka. A doka, gaskiya ne kuna da magana: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, muddin an adana ta a rubuce ko a ɗauke, kuma haƙƙin yana komawa ga magada. Wannan zai yi muku amfani ranar da wani ya shiga situdiyo da waƙar Mama ya fitar da ita da sunansa yana karɓar kuɗi. Amma tsakaninku da kwayar cocinku, maganin shi ne ɗan littafi mai ɗauke da sunanta da baitocin asali, ku raba musu kyauta. Daga ranar, duk mai son sanin yadda ta faɗa, ga shi a hannunsa.

Sai Baba. Kowa a wasiƙarki yana magana, shi kaɗai ne ya yi shiru, kuma shi ne ya fi kowa rashi. Ku kun rasa uwa kuna da gidajenku, shi ya rasa wadda yake buɗe ido ya gani kowace safiya tun kafin a haife ku. Akwatin nan ba rowa ba ce. Ya ga yadda ake yi da kayan mamaci: wannan ya ɗauki zane, wancan ya ari littafi bai dawo da shi ba, kafin shekara ɗaki ya zama kango. Don haka kada ku je masa a taro, kada a aiko masa da saƙo daga Abuja. Ki je ke kaɗai, ki kwana biyu, ki dafa masa abin da yake so. Da yamma ki kunna masa abin da kika ɗauko daga matan Zumunta, ki ce, "Baba, ga inda suka yi saɓani, ban san wanne ne daidai ba." Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jin ana gwada waƙoƙin nan a tsakar gidansa da wuya ya iya jin kuskure ya yi shiru. In ya buɗe akwatin, ki yi masa alkawarin cewa littafin ba zai bar ɗakin ba, kuma ki cika: ki ɗauki hoton kowane shafi da waya a gabansa, har da bango da gefen da ta yi lissafin kuɗin adashe, ki mayar masa ya kulle da hannunsa.

Kaset-kaset ɗin ne za su buƙaci fita, kuma a nan ki yi hattara. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, yana manne wa juna in ya daɗe a ajiye. Kada ki ɗauko tsohuwar rediyon gida ki zura, tana iya tauna zaren a minti ɗaya, muryar ta tafi ke nan. Ki duba ta tagar kaset ɗin ko akwai farin fumfuna. Ki zura biro a ramin ki juya a hankali ki ga ko zaren na tafiya. Sannan ki kai wurin masu situdiyo da ke mayar da kaset cikin kwamfuta, ki fara da guda ɗaya, ki zauna a wurin har a gama, ki dawo wa Baba da shi tare da muryar a waya. In ya ji ta, sauran shi zai miƙo miki. In kuwa ya ce a'a duk da haka, ki bar shi. Ki roƙe shi abu ɗaya kawai, a ɗaga akwatin daga ƙasa a sa a inda ba zafi ba laima, ki sake gwadawa bayan an yi taron. Fadan cocinku ko wani tsohon abokinsa na iya yi masa maganar da ba zai karɓa daga bakin 'ya ba.

Yayanku kuma, kada ki ɗauke shi mugu. Ɗan fari da ke nesa, wanda wataƙila bai samu zama a bakin gadon asibiti ba, sau da yawa da kuɗi yake yin kukansa. Akwai kuma idon jama'a: abokan aikinsa sun gayyace shi irin wannan taron, ya ci ya sha, yanzu ana jiran nasa. Wannan nauyi ne na gaske a kan namiji a ƙasar nan, ko da ni da ke muna ganin bai kai a ci bashi a kansa ba. Kuskurensa biyu ne: ya yanka wa kowa kuɗi daidai alhali aljihu ba daidai ba, kuma ya yanke hukunci a kan ƙanwarku alhali mahaifinku na da rai. Ki kira shi shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp na gida ba, inda kowa ke kare girmansa. Ki ce, "Yaya, na gode da ka ɗauki nauyin wannan abu. Ni abin da zan iya kawowa kaza ne, ba zan ci bashi ba, amma na ɗauki aikin waƙoƙin Mama gaba ɗaya." Ki faɗi adadin a fili, ki tsaya a kai. Sannan ki ba shi abin da zai yi alfahari da shi: maimakon kalandar da za a cire daga bango in shekara ta ƙare, ya ɗauki nauyin buga littafin waƙoƙin, da hotonta a bango da gabatarwa daga bakinsa a matsayin babban ɗa. Maimakon mawaƙin birni, matan Zumunta su yi waƙoƙinta cikin ankonsu, a saya musu sababbin tuluna da ganga da sunanta. Baƙinsa sun sha ganin mawaƙan haya, amma mata hamsin suna rera abin da uwar mai gayya ta tsara da bakinta, wannan ba kullum suke gani ba. In ya dage sai an yanka saniya kuma da kuɗinsa ne, ki bar shi ya yanka, mutanen ƙauye za su ci su sa albarka. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne a matsa wa marasa hali, da rubuta ƙarya, da korar 'yar'uwa.

Zai taimaka ki tuna masa abin da Ikilisiya kanta ke nema, domin ba shi da tsada. Ga ɗan Katolika, babbar kyautar da ake yi wa mamaci ita ce a miƙa Mas dominsa, kuma addu'a ga matattu tana da tushe tun a littafin Makabi na biyu sura 12. Abin da ake bayarwa don a sa sunan mamaci a Mas ɗan kaɗan ne, dokar Ikilisiya ma ta gargaɗi limamai su yi wa matalauta ko ba su kawo komai ba. Waliyiya Monika, mahaifiyar Waliyi Agustin, da ajali ya same ta a Ostiya a ƙasar Italiya a shekara ta 387, nesa da gida, ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya damu da inda za a binne ta. Ta ce su sa jikin ko'ina, abu ɗaya take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. Ina jin matar da ba ta fashin Mas za ta sa hannu a wannan maganar. Kun kuma yi sa'ar wata: Nuwamba ne watan da Ikilisiya ke yi wa matattu addu'a, tun daga ranar 2 ga wata, kuma ranar 22 ita ce ta Waliyiya Sisiliya, wadda mawaƙan coci ke ɗauka uwar ɗakinsu. Ki ga Fada tun yanzu a tsayar da rana, domin ƙarshen shekara cike yake da bikin godiyar kaka, ga kuma Lahadin Almasihu Sarki da ake fita zagaye. Ki sani kuma a cikin Mas wa'azi ake yi a kan karatun ranar, ba a mayar da shi yabon mamaci. Tarihin da kika rubuta, ki tambayi Fada ko za a karanta shi a taƙaice kafin sallama, ko a bar shi sai an koma gida.

Na bar maganar ƙanwarku zuwa yanzu don ita ce mai saurin fashewa. Wadda ta wanke Mama, ta juya ta a gado, ta kwana a benci a asibiti, ba wanda ya isa ya ce ba ta da wuri a ranar tunawa da ita. Mama da kanta ta rufe wannan shari'ar tun tana da rai, ba daidai ba ne a sake buɗe ta a kan kabarinta. Kuma in don addini ne, Ikilisiya ba ta goyon bayan Yaya: wannan taron na Fatikan, a 1965, ya ce Ikilisiya na duban Musulmi da girmamawa, ya kuma ambaci yadda suke darajanta Maryamu mahaifiyar Yesu. A ɗaya ɓangaren, kada ku tilasta mata shiga Mas. Tana da malamanta da mijinta da abin da zuciyarta ta yarda da shi, kuma wataƙila ita ma tana cikin nata ƙuncin, tana son uwarta, tana tsoron taka iyakar addininta. Alƙur'ani a Suratu Luƙman aya ta 15 ya umarci ɗa ya zauna da iyayensa da kyautatawa a duniya ko da addini ya raba su, kuma ta yi hakan a aikace. Ki kira ta ki tambaye ta abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, kada ki yanke mata. Ranar tana da ɓangare biyu, na coci da na gida. Tana iya zama da masu girki har a taso, ta karɓi baƙi, ta zauna kusa da Baba. In ana so ita da mijinta su ci naman hankali kwance, a ba Musulmi yankan, a kuma ware musu wuri nesa da inda masu burkutu za su zauna, in za a yi. Ki kuma sa ta cikin aikin littafin. Wanda ya yi jinya yana jin abin da sauran ba su ji ba: me Mama ke rerawa da dare a asibiti, wace waƙa ta nema a kwanakin ƙarshe. Waƙoƙin reno da na daka da Mama ta yi muku ba na coci ba ne, nata ne kamar yadda suke naki, 'ya'yanta ma jikokin Mama ne.

Wannan hukuncin bai kamata ya fito daga bakinki zuwa kunnen Yaya ba, don zai zama ƙanwa na gaya wa babba abin da zai yi. Ki kai wa Baba maganar lokacin da kika je kwana biyun nan, ki tambaye shi kai tsaye ko yana son a yi taron matarsa ba 'yarsa. In ya ce ta zo, magana ta ƙare, shi zai gaya wa ɗansa. In Baba ya kasa magana, ku nemi kawu ko gwaggon da Yaya ke jin nauyi, ko Fada.

In duk wannan bai yiwu ba, Yaya ya yi fushi ya ce ya janye hannunsa, kada ki tsorata. Ku da kuka rage ku sa sunanta a Mas, ku dafa abin da kuka iya, matan Zumunta su zo tsakar gida da tulunansu. Littafin ma ba dole sai an kai maɗaba'a ba, shafi ashirin da aka buga a shagon kwamfuta aka ɗinke ya isa a fara, a gyara a ƙara a shekara ta biyu. Ki ci gaba da tura wa Yaya duk waƙar da kika ɗauka, ba tare da ƙarin magana ba, ki bar masa ƙofar dawowa ba tare da ya ji kunya ba. Ke kuma ki zaɓi waƙa ɗaya, gajera, ki roƙi babbar ƙawar Mama ta koya miki har ki iya bayarwa ana amsa miki. Wata uku ya isa. Ki rubuto mini bayan kin dawo daga ƙauye, ina so in ji abin da Baba ya ce.